Cokalin Alhaji Osmanu

Masu turo mini saƙo kuna cewa in daina zubar da hawaye a kan namiji, ku kwantar da hankalinku, yau babu kuka. Da fara'ata na zauna rubutun nan, kuma idan kun ji na ɗan cika baki ku yi mini uzuri, na daɗe ina jiran irin wannan rana.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mubarika, shekarata ashirin da bakwai. Iyayena 'yan Zongon Kumasi ne, amma a Manchester na tashi, a Withington muke zaune ni da mahaifiyata, wadda nake kira Mma. Shekara shida ke nan ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Ina yi musu wanka, ina ba su abinci, ina juya wanda ba ya iya juyawa da kansa. Yanzu ni ce babba a sashenmu. Rigar aikina shuɗiya ce mai aljihu biyu, kuma wallahi ina son ta.

Wanda nake so kuwa Abdul-Wahab ne, malamin lissafi a wata sakandare a Birmingham. Dogo ne, mai sanyin hali, aibinsa ɗaya: cikinsa ba ya riƙe magana idan mahaifiyarsa ta ɗaga masa gira. Ita ce Hajiya Ajara, mai shagon leshi da atamfa a Stratford Road cikin Sparkbrook. A wajen wani suna, gaban mata sun fi ashirin, ta ce yarinyar ba ta da laifi, amma ɗanta ba zai auri mai wanke wa tsofaffin Turawa jiki ba. Daga baya ta aiko da sharaɗi: in ajiye aikin kafin ƙarshen wata, sannan manya su zo gaisuwa.

Tun daga ranar Mma ta hana ni sakat.

"Ki ajiye mana, bayan biki kya nemi wani. Aiki ya ƙare a garin nan ne?"

"Mma, ba sata nake yi ba fa."

"Na ce sata kike? To ko ki riƙa ce musu nas ce ke. Wa zai bi ki ya duba?"

Ba zan ɓoye muku ba, har na rubuta takardar ajiye aikin a wayata. Kwana tara tana zaune, in buɗe in karanta in rufe.

Abin da Hajiya ba ta so a sani shi ne, mijinta Alhaji Osmanu shi ma yana hannun irinmu. Wata huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da asibiti suka sallame shi, gidansu mai bene ne, ita kuma ba za ta iya ɗaga shi ba, dole aka kai shi gidan jinya na tsofaffi a can Birmingham. Duk wanda ya tambaya, sai Hajiya ta ce yana asibiti. Ni dai na ja bakina na yi shiru.

Ranar Alhamis ina hutun rana, ina cin burodi a tsaye, saƙon Abdul-Wahab ya shigo.

"Mubi, kina break?"

"Minti goma. Lafiya?"

"Likitansa, GP, ya ga Baba. Ya rame sosai, ba ya cin abinci. Suna maganar feeding tube."

Na ajiye burodin. Na san abin da ake nufi: a huda cikin tsoho a saka masa roba, abinci ya daina bi ta bakinsa.

"Ki zo ki duba mana gidan don Allah," ya sake turowa. "Ke kika san abin dubawa. Mu duk lokacin da muka je komai tsaf yake."

"Hajiya ta sani?"

"Ba za ta ji ba. Na yi alkawari."

Na ce a raina, alkawarinka da Hajiya a gari ɗaya? Amma na rubuta masa: "Asabar, sha biyun rana. Kada ka kira su ka ce muna zuwa."

"Haba, mu faɗa musu haka kawai? Ba ladabi."

"Ba gidan kawunka za mu ba. Lokacin abinci nake so in gani."

Safiyar Asabar na saka abaya ruwan toka, na ɗaura ɗankwali baƙi, na cire zobe da awarwaro, na zura takalmina na aiki mara tsini. Mma ta bi ni da kallo daga sama har ƙasa.

"Gaban surukinki za ki da wannan takalmin? Ina leshin da na ɗinka miki da Sallah?"

"Dubiya za ni, Mma."

"To saurara. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki sunkuyar da kai. Kada ki zauna kusa da shi, kada ki yi musu iyayi. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Na kama bas ta Oxford Road zuwa tasha, na hau jirgin Birmingham, Abdul-Wahab ya ɗauke ni a motarsa. Idanunsa sun faɗa, ko gaisuwar kirki bai iya yi ba.

Bari in ba ku sirrin sana'ata kyauta, don wata rana zai yi muku amfani. Idan kun shiga irin wannan gida, ku bar kallon furannin da aka jera a bakin ƙofa. Hanci ake fara sawa. Sannan kunne: idan tsoho ya danna ƙararrawa, minti nawa take yi kafin a je? Sannan ku dubi farcen mutane, ku dubi ko kofin ruwa yana inda hannu zai kai, ku lura ko ma'aikata suna ƙwanƙwasa ƙofa kafin su shiga.

Na shiga da shirin kama su da laifi, amma gaskiya sai an faɗe ta. Babu zarni ko kaɗan. Ƙararrawa ta yi ƙara sau biyu muna tsaye, duka ba a kai minti biyu ba aka amsa. Wata tsohuwa ta wuce mu da gashinta a taje, farcenta a yanke. Abu ɗaya na ƙirga ban ji daɗinsa ba: ma'aikata biyu ne kacal a kan mutum goma sha huɗu, ga shi ana shirin raba abinci.

Alhaji Osmanu yana zaune a kujera kusa da taga, cikin farar jallabiya da hula. Na taɓa ganinsa sau ɗaya kafin ciwon, ƙaton mutum mai cika ƙofa. Yanzu jallabiyar ta yi masa yawa, agogonsa ya zame har tsakiyar hannu. An naɗe masa carbi a hannun dama, wanda yake kwance a cinyarsa ba ya motsi.

Na durƙusa har ƙasa. "Baba, ina wuni. Ya jiki?"

"Alhamdulillah."

"Ita kaɗai ta rage masa," Abdul-Wahab ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ko me aka tambaye shi, ita ce amsa. Su ma nan sun haddace ta. Sun ce shi ne bai taɓa complain ba."

Na ce ya je ya karɓo mini fayil ɗin Baba, inda ake rubuta abin da ya ci da nauyinsa. Sai ya hau sosa ƙeya.

"Mubi, kamar muna zarginsu fa. Hajiya kullum godiya take musu. Har jollof take kawo musu ranar Lahadi."

"Wata biyu yana nan, ba wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin?"

Na ce, "Kai ne ɗansa, kana da iko. Tashi."

Wadda ta kawo shi Rachel ce, Baturiya mai jan gashi, za ta kai shekara hamsin, da ganinta ka ga wadda ta gaji amma ba ta da mugunta. Na buɗe na bi layi-layi. Karin safe, ya ƙi ci. Abincin rana, ya ƙi ci. Da la'asar, idan Hajiya ta rufe shago ta kawo koko, ya shanye tas. Ranar Lahadi da take kawo tuwo da miyar ayoyo, an rubuta ya cinye duka. An gwada haɗiyarsa, lafiya lau. Kilo shida ya zube a mako bakwai. A shafin tsarin kulawa kuma an rubuta cewa yana iya ciyar da kansa da hannun da yake aiki, an ma ba shi cokali mai kaurin mariƙi.

Mutumin da yake cinye tuwo ranar Lahadi ba cin abinci ne ya fita daga ransa ba. Na rufe fayil ɗin na ce za mu jira abinci.

Sha biyu da rabi Rachel ta shigo da tire: shinkafa mai laushi da kaza, tana tururi. Ta gyara masa tebur, ta ɗaura masa tawul a ƙirji, ta ɗauki cokalin ta saka masa a hannun hagu.

"There you go, Mr Osmanu. It's halal, love."

Alhaji ya dubi abincin. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiyi yawu. Ya daɗe yana kallon cokalin, sannan a hankali ya ajiye shi a gefen faranti, ya mayar da fuskarsa taga.

Rachel ta yi ajiyar zuciya, ta ce mana kullum haka yake yi. Ta ce har gwada ba shi a baki ta yi, ya kawar da kai. "Look," in ji ta, ta ɗebo shinkafa ta miƙa masa. Ya rufe baki gam.

Da hagu ta miƙa. Sai a lokacin na tuna ɗazu da ta sa hannu a fayil, da hagun ta riƙe biro. Bahaguwa ce baiwar Allah, kuma ita ce mai kula da ɗakinsa kusan kullum.

Na juya ga Abdul-Wahab. "Ka taɓa ganin Baba ya kai wani abu bakinsa da hagu?"

"Ya Salam. Ina ɗan shekara biyar ya buge mini hannu a kan ƙosai. Ko canji aka miƙo masa da hagu ba ya karɓa."

Na san malamai sun ce lalura tana da hukuncinta. To amma je ka faɗa wa dattijo mai shekara saba'in da takwas, wanda harshensa ya ɗaure, ba ya iya cewa ga abin da yake damunsa. Mako bakwai yana kallon abinci da yunwa a cikinsa yana cewa Alhamdulillah.

Abdul-Wahab ya karɓi cokalin da dama ya tsaya a kan mahaifinsa. Hawaye na zuba masa, ya cika cokalin taf. Alhaji ya karɓi loma ɗaya, rabi ya zube a tawul, ya hau tari. Ya runtse ido don kunya, ɗansa na ba shi a baki kamar jariri, ga baƙuwa tana kallo.

Maganar Mma ta dawo mini: kada ki zauna kusa da shi. Ku da kuka san gidajenmu kun san nauyin abin. Wadda ake nema ba ta haɗa ido da uban saurayinta, balle ta taɓa shi. Duk da haka na je na wanke hannu.

Na jawo ƙaramar kujera na zauna ta damansa, ƙasa da shi kaɗan. "Baba, ka gafarce ni. Wannan shi ne aikina, kuma na iya shi."

Na warware carbin daga yatsunsa na ajiye. Na buɗe tafin hannunsa na dama, na kwantar da mariƙin cokalin a ciki, na naɗe yatsun a kai. Na sa hannuna a ƙarƙashin nasa, ɗayan kuma na tallafe gwiwar hannun. Muka ɗebo rabin cokali tare, muka ɗaga a hankali.

Ya dubi hannunsa yana tasowa zuwa bakinsa. Leɓensa ya yi rawa.

"Bis... Bismillah."

Abdul-Wahab ya zauna daɓas a bakin gado. Rachel ta dafe ƙirji. Ni kuwa ban ɗaga kai ba, ina lura da haɗiyarsa, sai ya gama ɗaya mu ɗebo wata. Shinkafa tana raguwa, kazar ma ya ci. Wallahi a shekara shida na ciyar da mutane ba adadi, ban taɓa jin alfaharin da ya kai na wannan rana ba.

Ƙamshin turarenta ne ya riga ta shigowa. Hajiya Ajara, cikin leshi ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, awarwaron zinare har uku, jaka a hammata. Na saci kallon Abdul-Wahab, ya sunkuyar da kai. Ashe tun da safe ta kira shi ta ce ina za shi, shi kuma ya zazzage mata komai.

"Wa ya ba ki izinin taɓa mini miji?"

Na yi niyyar miƙewa. Amma cokali yana tsakiyar hanya, kuma ba a barin mai ciwo da baki a buɗe.

"Hajiya, ki yi haƙuri, saura loma uku."

Ni kaina ban san daga ina maganar ta fito ba. Muka kai ta farko, ta biyu, ta uku. Na goge masa baki, na mayar masa da carbinsa, sannan na sauko na durƙusa na gaishe ta. Farantin take kallo, wanda ko ƙwayar shinkafa ba ta rage a ciki ba.

Abdul-Wahab ya yi mata bayani yana in'ina. Ta karɓi fayil ɗin, ta zaro tabarau, ta bi shafukan da yatsa. Da ta yi magana, muryarta ta sauka.

"Shekara arba'in da ɗaya ina zuba masa abinci. Ni ban taɓa zuwa da rana ba, shago." "Kuma mutum yana yi wa mijinka hidima, ka ce ya kawo takarda ka duba? Da wane ido?"

"Ba zargi ba ne, Hajiya. Don a duba ake rubuta ta," na ce.

"To sai a ɗauke shi daga nan. Yau ɗin nan."

"A'a," na ce, kafin in tuna da wa nake magana. "Gidan ba shi da laifin da za a gudu. Na duba fatarsa ta hannu da diddige, babu gyambo ko ɗaya. Yana da tsabta, ana amsa ƙararrawa. Abu biyu ne: ba su tambayi al'adarsa ba, ku kuma ba ku faɗa ba. Sai ƙarancin ma'aikata lokacin abinci. A gyara care plan, wato tsarin kulawar, a sa wanda zai zauna da shi minti ashirin, a riƙa auna shi duk mako. A roƙi GP ya dakata da maganar tube a gani."

Rachel tana gefe idonta ya yi ja, tana ta ba da haƙuri. Na riƙe hannunta na ce mata ni ma da tsohon wata ƙasa aka ba ni, zan iya yin kuskuren da ya fi wannan. Na nuna mata yadda ake tallafar hannun, ta gwada da damanta tana dariya tana share hawaye. Ta ce za ta sa manaja ya zauna da iyalin ranar Litinin.

Da na tashi tafiya, Hajiya ko kallona ba ta yi ba. "Allah ya kiyaye hanya," kawai ta ce, tana gyara wa mijinta hula.

Ina cikin jirgi Mma ta kira. Na faɗa mata komai, don ban iya yi mata ƙarya.

"Kin riƙe hannun surukinki? Kin ce wa Hajiya Ajara ta jira? Innalillahi. Mubarika, kin kashe auren nan da hannunki."

"Mma, ya cinye farantin."

"Farantin ne zai aure ki?"

Da ta kashe wayar na buɗe takardar nan ta ajiye aiki. Na karanta ta sau ɗaya, na goge ta. Ina son Abdul-Wahab, Allah ya sani, kuma raina ya yi zafi da na tuna ƙila na rasa shi ke nan. Amma ba zan nemi gafarar kowa a kan abin da hannuna ya yi a ɗakin nan ba.

Yau Lahadi, da hantsi, ina kicin ina dama koko Mma tana falo ta ƙi yi mini magana, saƙon murya ya shigo daga lambar da ban sani ba. Na danna, na ƙara sauti ba tare da na yi niyya ba.

"Mubarika, Hajiya ce." Ana jin ƙarar cokali a bayanta. "Na zo tun safe na gwada yadda kika yi. Hannun yana zame mini, abincin yana zuba. Sai kin nuna mini. Gobe ƙarfe goma za mu zauna da manajan, ki zo." Na ɗauka ta gama, sai ta ƙara. "Kuma kada ki sako mini wannan abayar ta jiya. Ki sako rigar aikinki, su san da wa suke magana."

Maganar sharaɗi ba ta ɗauko ta ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗago kai na ga Mma tsaye a ƙofar kicin. Ta miƙo hannu, na ba ta wayar, ta saurara sau biyu da kunnenta. Ta juya ta koma falo. Can na ji tana jan teburin guga.

Na leƙa falo. Ta ɗauko shuɗiyar rigata daga inda na shanya ta, ta shimfiɗa, tana taɓa dutsen guga da yatsa ta ji ko ya yi zafi.

"Mma, bar shi, zan goge."

"Ke kin iya guga ne?" Ta miƙar da aljihun da tafin hannunta. "Matsa. Ba za ki je gaban mutane da ita a yamutse ba."